Cigiyar Mabruka

Baba bai taɓa ce mata jirgi ba,
Mabruka yake cewa, kamar 'yarsa ta fari.
Shuɗiya ce, da jan layi a ƙugu.
Shekarar da ciwo ya kwantar da shi aka sayar da ita,
ina 'yar tara, ban yi kuka ba.
Sai bana, da furfura ta soma leƙo ni,
na saɓi jaka na bi bakin Bahar Rum,
tasha-tasha ina cigiya.

A Binzart tsohuwar tasha ta yi lamo,
fararen gidaje sun sunkuya suna duba fuskarsu a ruwa.
Wani dattijo, Shadli, yana ɗinkin koma,
ya tokare ta da babban yatsan ƙafa.
Ya ce, "Shuɗiya? Haba 'yata, ɗaga ido,
wace ce a nan ba shuɗiya ba?"
Ya zuba mini shayi mai na'ana'a.
Na sha, na gode, na yi gaba.

A Kelibiya ban runtsa ba.
Masunta sun fita da fitilu suna yaudarar kifi,
teku ya zama gari mai yawo cikin dare.
Da asuba suka dawo, ido ja, murya a dushe,
ƙanƙara na narkewa a kan sardin,
kyanwoyi sun yi sahu kamar masu jiran albashi.
Na karanta sunan kowane jirgi. Babu.

Munastir kuwa ta masu hannu da shuni ce.
Jirage farare fat, ba ƙarni, ba ɓawon kifi,
igiyoyi na dukan ƙarfe, ƙal, ƙal, ƙal,
wani bature na barci da littafi a fuska.
Mai gadi ya ce, "Mece ce lambarta?"
Na ce, "Ba ta da lamba da na sani,
tabo gare ta."
Ya yi dariya, ban ga laifinsa ba.

A Mahdiya kaburbura sun gangaro har gaɓa,
matattu ma ruwa suke kallo.
Nan Zakiyya mai kifi ta tsayar da wuƙa,
ta goge hannu a zane, ta yi shiru, ta ce,
"Mai jan ƙugu? Munji gurgu ya saye ta.
Ya koma Karkana tun ina goyon Anis,
ga Anis can, da gemu."

Karkana.
Ruwan bai kai gwiwa ba, sai ka yi ta tafiya.
An kafa shingen ganyen dabino a cikin teku,
an jera tuluna ga kifi mai hannu takwas,
ya shiga neman ɗaki, ya kwana a tukunya.
Munji ya rasu, in ji yara.
Suka nuna mini bayan gidansa.

Ga ta nan a kan yashi, ta kishingiɗa.
An cika cikinta da ƙasa,
barkono ya yi ja a mazaunin baba,
ɗoɗɗoya ta rufe gurbin inji.
Shuɗin ya koɗe, gishiri ya cinye sunan.
Na durƙusa na laluba katakon goshinta,
yatsana ya faɗa tsaga, ɗaya, biyu, uku,
inda baba ke awon tsayina da wuƙa.
Ta ukun ko ƙirjina ba ta kai ba.

Matar Munji ta fito da bokiti.
Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba,
ta miƙo mini, ta ce, "Fara daga can."
Na shayar da Mabruka ruwan daɗi,
ita da ta ƙare rayuwarta a na gishiri.

Kuɗin fansarta na nan cikin jakata, ban taɓa ba.
Barkono biyar na kawo gida.
Akwai yaji.